Mai Dalilin Auren da Ke Cikin Ƙwayar Magani

Akwai shekarun da mutum ke kaiwa sai ya tsinci kansa ya haddace sunayen magungunan da ba shi ke sha ba. Mu da aka haifa tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 mun kai su. Iyayen da suka riƙa kai mu rigakafi a goye, yau mu ke tuna musu da ƙwayar safe. Ƙarshen kowane wata, kafin albashi ya huce, hoton kwalin magani zai faɗo a zauren WhatsApp na gida, an rubuta a ƙasansa: "Na Hajiya saura kwana uku." Wani ya tura kuɗi, wani ya leƙa kemis. A gidaje da yawa sunan da ke jikin kwalin shi ne losartan, maganin hawan jini.

Sana'armu rubuta manhaja ce, kuma ta bar mana wata ɗabi'a: ba ma sakin jiki da abu sai mun ga a kan me yake tsaye. Duk manhajar da kuke taɓawa a wayarku tana zaune ne a kan ɗaruruwan ƙananan manhajoji da wasu mutane suka rubuta, su ma suna zaune a kan wasu. Idan ta can ƙasa ta tsage, ta sama sai ta zube. Don haka in muka riƙe kwalin nan, tambayar aikinmu ce ke zuwa mana. Wannan 'yar farar ƙwaya mai miligiram 50, da numfashin gidanmu ya rataya a kanta, a kan me take tsaye?

Masana sinadarai suna da hanyar rubuta siffar sinadari a layi ɗaya yadda kwamfuta za ta gane. Sunanta SMILES, wani Ba'amurke mai suna David Weininger ya fito da ita a shekarun 1980. A wannan rubutu, sinadarin da ake kira benzin harafi takwas ne kacal: c1ccccc1. Kowane c ƙwayar zarra ce ta kabon, su shida. Lamba 1 ta farko da ta ƙarshe kuma cewa suke a kama kan layin a haɗa da wutsiyarsa, ya zama zobe. In kana son zobe biyu riƙe da hannun juna, sai ka rubuta c1ccccc1-c1ccccc1. Karan ɗori ɗaya ne a tsakani, bugu ɗaya da ɗan yatsa. Wannan karan ɗorin yana tsakiyar losartan. Sai da masana suka shafe shekara tamanin, daga 1901 zuwa 1981, kafin su sami hanya mai sauƙi ta sanya shi a cikin kwalba, ba a kan allo ba.

*

Bari mu fara da zoben kansa. Michael Faraday ne ya fara ware benzin a Landan a 1825, sannan a 1865 wani Bajamushe, August Kekulé, ya ce zarrarsa shida a zagaye suke. Danginsa duka ana ce musu "masu ƙamshi", domin na farko da aka sani daga abubuwa masu ƙamshi aka samo su, ko da yake da yawansu ba su da ƙamshin komai. Akwai kuma wani reshe na dangin, wanda za mu kira zobe mai baƙo: maimakon kabon ya cika dukkan kujerun, sai naitirojin ko oksijin ko farar wuta ya zauna a ɗaya ko fiye.

Waɗannan zobba ba baƙi ba ne a gidajenmu. Abin da ke wartsakar da tsoho in ya ɓantari goro, wato kafin, zobe biyu ne masu baƙin naitirojin a manne da juna. Launin shunin da ke rina babbar riga irin wannan zoben ne. Haka kwinin da kulorokwin da muka sha muna yara, muna yamutsa fuska. A 2014 masu bincike a Jami'ar Arizona suka ƙirga magungunan da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da su, cikin waɗanda ake haɗawa daga ƙananan sinadarai, suka tarar kashi 59 cikin 100 na ɗauke da zobe mai baƙon naitirojin.

Losartan yana da zobe huɗu. Biyu na benzin ne, su ne masu riƙe da hannun juna. A gefe ɗaya akwai zobe mai naitirojin biyu, a ɗaya gefen kuma zobe mai naitirojin huɗu. Aikinsa ya dogara kacokan a kan wannan siffa. A jikin mutum akwai wani sinadari, anjiyotensin, da ke shiga wata kafa a jikin jijiyar jini kamar mabuɗi a kwaɗo, ya umarce ta ta tsuke. Jijiya ta tsuke, jini ya hau. Losartan mabuɗi ne da ke shiga kwaɗon ya zauna, bai buɗe ba, bai kuma bar na ainihin ya shiga ba. Zobban benzin biyun nan su ne sandar mabuɗin, su ke riƙe haƙoransa a daidai tazarar da ake so. In babu karan ɗorin, gutsattsari biyu ne kawai da ba sa maganin komai.

Matsalar ita ce zoben benzin ƙosasshe ne. Ilektiron ɗinsa a daidaice suke, ba ya neman kowa. Ka zuba zobe biyu a kwalba ɗaya ka bar su shekara, ba za su ko gaisa ba. A 1901 Fritz Ullmann ya gano cewa in ka tara musu garin jan ƙarfe mai yawa, ka gasa su a zafin da ya kai digiri 200, za su haɗu. Sai dai irin wannan zafi yana lalata sauran sassa masu laushi da ke jikin magani. Kuma in zobe iri biyu ne daban kake son haɗawa, wasu za su kama irinsu, wasu su kama ɗaya irin, ka ƙare da gaurayen abu uku da za ka sha wahalar rabawa.

*

A nan ne faladiyum ya shigo. Farin ƙarfe ne mai kama da azurfa, lamba 46 a jadawalin sinadarai, William Wollaston ya gano shi a Ingila a farkon shekarun 1800. Yana cikin ƙarafan tsakiyar jadawali, unguwa ɗaya da ƙarfen maƙera da jan ƙarfe da nikel da zinare. Halin 'yan wannan unguwa shi ne ba da aron ilektiron da karɓar abinsu ba tare da gardama ba. Faladiyum ya fi kowa iya wannan a inda ake buƙata: ya bayar da biyu, ya gama aiki, ya karɓe biyunsa.

Duk wanda ya san aikin masu dalilin aure a Kano zai gane abin da yake yi. Da farko ana shirya ɓangarorin biyu. Zobe na farko a ɗaura masa zarrar buromin, na biyu a ɗaura masa wani gungu mai boron. Faladiyum zai fara zuwa gidan na farko, ya kutsa tsakanin zoben da buromin ɗinsa, ya riƙe wannan a hannun dama, wancan a hagu. Sannan a zuba wani gishiri mai kaifin kanwa, sau da yawa ma ɗan'uwan kanwar da iyayenmu ke jefawa a miyar kuɓewa ne, ko na tokar murhu. Gishirin nan shi ke tausasa zobe na biyu har ya saki boron ɗinsa ya dawo hannun faladiyum, buromin kuma ya fice ya bi ruwa. Yanzu ga zobe biyu a zaune kafaɗa da kafaɗa a hannun ƙarfe ɗaya. Kusancin ya isa. Sai su kama hannun juna, faladiyum ya zare jikinsa ya fito yadda ya shiga, ya nufi gida na gaba.

Zarra ɗaya ta faladiyum tana iya ƙulla irin wannan aure sau ɗaruruwa ko dubbai kafin ta gaji. Ba a buƙatar wuta mai tsanani, zafin da bai kai na tafasar ruwa ba yakan isa. Sinadaran boron ɗin ba sa tsoron ruwa ko iska, kuma ba su da mugun dafi. Abu mafi muhimmanci, wanda aka nufa shi ake ba wadda aka nufa, domin mai buromin ne kaɗai ke fara shiga hannun ƙarfen, mai boron ne kaɗai ke biyo baya.

Akwai wani labari da ke nuna ƙanƙantar abin da ake buƙata. A 2003 wasu masu bincike a Landan suka sanar cewa sun yi wannan haɗi ba tare da ƙarfe ko kaɗan ba. Magana ta bazu. Bayan shekara biyu su da kansu suka sake dubawa, suka tarar ashe gishirin kanwar da suka saya yana ɗauke da ɓurɓushin faladiyum, kimanin kashi 50 cikin biliyan ɗaya, kuma wannan ɓurɓushin ne ya yi aikin. An ɗaura aure ana murnar an huta da mai dalili, ashe yana cikin taro a sahun baya. Mu masu manhaja mun san irin wannan rana: ka goge wani layi da kake ganin ba shi da amfani, komai ya ci gaba da tafiya, sai daga baya ka gano akwai kwafinsa a wani lungu da ke ɗauke da nauyin.

*

Mutum uku aka ba lambar yabo ta Nobel a kan wannan aiki a watan Oktoban 2010.

Richard Heck ya fara gwajinsa da faladiyum a shekarun 1960 yana ma'aikacin wani kamfanin sinadarai a jihar Delaware ta Amurka, a lokacin da kusan ba mai kallon ƙarfen ta wannan fuska. A 1972 ya wallafa hanyar haɗa zobe da sarƙar kabon mai ɗauri biyu, wadda wani Bajapane, Tsutomu Mizoroki, ya riga ya ba da rahoton makamanciyarta a 1971. Ei-ichi Negishi ya zo a 1977 da tasa hanyar, wadda ke amfani da tutiya a gurbin da boron ya zauna daga baya. Akira Suzuki kuwa, tare da abokin aikinsa Norio Miyaura a Jami'ar Hokkaido da ke can arewacin Japan, ya fito da hanyar boron a 1979, sannan a 1981 suka nuna tana haɗa zoben benzin da ɗan'uwansa. Negishi da Suzuki duk sun zauna a gaban malami ɗaya, Herbert Brown na Jami'ar Purdue, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan boron tun ba a san me za a yi da shi ba.

A cikinsu babu wanda ya tashi da nufin maganin hawan jini. Tambayarsu ta ilimi ce zalla: yaya kabon zai kama kabon? Masana a kamfanin DuPont ne suka gano losartan a 1986, aka amince da shi a Amurka a 1995. Da aka zo batun yin sa da yawa, tan-tan ba cokali-cokali ba, masanan kamfanin Merck suka ɗauko hanyar Suzuki suka ƙulla karan ɗorin da ita. Ba kowace masana'anta ke bin hanya ɗaya ba, amma wannan na cikin manyan hanyoyin. A tsakiyar shekarun 1990 Stephen Buchwald da John Hartwig suka koya wa faladiyum haɗa kabon da naitirojin, ƙofar zobba masu baƙo ta ƙara buɗewa. Yau haɗin Suzuki na cikin 'yan ƙalilan da masu neman sabbin magunguna suka fi komawa gare su. Da shi ake yin wasu magungunan feshin gona, da wasu sinadaran da ke haska allon waya irin wadda ke hannunku.

Abu biyu a tarihin mutanen nan suka fi tsaya mana a rai. Na farko, Suzuki bai yi wa hanyarsa rajistar mallaka ba. Ya wallafa ta, duk mai kwalba da faladiyum ya ɗauka ya yi aiki. Wannan a sana'armu muna ce masa buɗaɗɗiyar manhaja, kuma a kanta muke ci muke sha. Lokacin da kariyar mallakar losartan ta ƙare a 2010, kamfanonin Indiya da Sin suka shiga yin sa da araha, kuma babu wanda ya tare su a bakin ƙofa yana neman kuɗin karan ɗori. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɗan ƙaramin ma'aikaci a Gusau ko Maraɗi ke iya saya wa mahaifiyarsa.

Na biyu shi ne abin da ya sami Heck. A 1989 ya ajiye aiki a Jami'ar Delaware bayan kuɗin bincike sun daina zuwa masa. Masu rabon kuɗin ba su ga inda aikin ya dosa ba. Ya koma zaman ritaya, daga baya ya tare a ƙasar Filifin, yayin da masana'antu a faɗin duniya ke juya sunansa a cikin tukwanensu kullum. Nobel ta same shi bayan shekara 21 da barin ɗakin gwaji. Ya rasu a Manila a 2015.

Mun san irinsa. A Disambar 2021 aka gano ɓaraka a wata 'yar manhaja mai suna Log4j, wadda ke zaune a ƙarƙashin tsare-tsaren bankuna da gwamnatoci da manyan kamfanonin duniya. Sai a ranar jama'a suka ji cewa 'yan sa-kai kaɗan ne ke kula da ita a lokacin hutunsu. Wanda ke ƙasa yana ɗauke da gini ba a tuna shi sai gini ya girgiza.

*

In muka ci gaba da tono ƙasa da ɗakin gwaji, sai mu iske rami na gaske. Mafi yawan faladiyum ɗin duniya daga wuri biyu yake fitowa: Norilsk a arewacin Rasha, inda sanyi ke daskarar da numfashi, da yankin Bushveld a Afirka ta Kudu. Kaso mafi tsoka ma ba magani yake tafiya ba, salansar mota yake shiga, cikin wannan abu mai ramuka-ramuka da makanikai ke ce wa indomi, wanda ke rage dafin hayaƙi. Shi ya sa ake cire shi a sayar, wani lokaci mai motar bai ma sani ba. A watan Maris na 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, farashin oza ɗaya ya haura dala 3,000. Tsada da ƙarancin nan ne suka sa masana ke ta ƙoƙarin koya wa nikel da jan ƙarfe da ƙarfen maƙera wannan dalilin aure. Suna samun nasara a wasu wurare, amma har yanzu tsohon hannu ake kira idan aiki ya yi wuya.

Bayan an gama kuma dole a kori mai dalilin daga gidan amarya. Ƙa'idar da hukumomin magunguna na duniya suka amince da ita ba ta yarda faladiyum ɗin da mutum zai haɗiya ta hanyar magani ya wuce maikurogiram 100 a rana ba. Akwai matakai na musamman na tace shi, da na'urorin auna abin da ya rage. Wannan aiki ne da mai shan magani ba zai taɓa gani ba, ba zai ɗanɗana ba, sai dai ya yarda an yi.

Abin da ya faru a 2018 ya nuna nauyin wannan yarda. Valsartan ƙanen losartan ne, su biyun suna da zobba biyu na benzin da zoben nan mai naitirojin huɗu. Wani kamfani a Sin da ke sayar wa duniya ainihin sinadarin ya sauya yadda yake gina zoben mai naitirojin huɗu don samun ƙarin riba a kowace tukunya. Sabon ruwan da yake narkar da kayan a ciki yana ɗan rubewa, abin da ya rube kuma ya haɗu da wani gishiri da ake zubawa a ƙarshen aiki, suka haifi NDMA, sinadarin da ake zargi da jawo sankara. Gwaje-gwajen da aka saba yi ba shi suke nema ba, don haka ba su gan shi ba. An yi shekaru a haka kafin a gano, aka janye maganin daga kasuwannin Turai da Amurka a watan Yuli, daga baya binciken ya taɓa wasu rukunan losartan ma. Hukumomi sun ce haɗarin kaɗan ne, kuma suka gargaɗi marasa lafiya kada su daina shan magani ba tare da ganin likita ba, domin hawan jinin da aka sake ya fi saurin kisa.

Mun karanta wannan labari tamkar rahoton ofishinmu. Wani ya taɓa layi ɗaya don aiki ya yi sauri, gwajin da ake da shi ya ce lafiya lau, matsala ta kwanta shiru har ta isa hannun jama'a. Bambancin shi ne mu in mun yi haka manhaja ce ke tsayawa, a tura gyara da dare. Su kuwa abin ya riga ya shiga jini. Kuma a wannan dogon layi, daga ramin Norilsk zuwa tukunyar Indiya zuwa tashar jirgin ruwan Legas zuwa kemis ɗin unguwa, iyakar abin da muke iya yi shi ne duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, mu kankare ɗan azurfan da ke jikin kwali in akwai, mu tura lambar mu jira amsa.

*

Wannan matsayi na mai jira a ƙarshen layi ba sabo ba ne a wurinmu, kuma zobe mai baƙo ne ya fara nuna mana shi. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, masana'antar sinadarai ce ta gaske. Marina sun san yadda za su haɗa baba da toka da ruwa, su bar shi ya ruɓa na kwanaki har launi ya narke, su tsoma zane ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Turkuɗin Kura ya keta Sahara a kan raƙuma, ya zama rawanin Buzaye. A 1883 Adolf von Baeyer ya gano siffar zobban shuni, a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Gonakin baba na Indiya suka durƙushe cikin 'yan shekaru. Namu karofin sun fi jurewa, amma rinin gwangwani da yadin waje sun ci su sannu a hankali, har ramuka da yawa suka koma juji. Marina sun iya aikin da hannu, Jamusawa sun san dalilin da ya sa yake yiwuwa, kuma mai sanin dalili shi ya tafi da kasuwa.

Yau mafi yawan magungunan da ake sha a Najeriya daga waje suke zuwa. Waɗanda ake bugawa a gida ma, ainihin sinadarin da ke aikin galibi shigo da shi ake yi, a nan a gauraya a matse a zuba a kwali. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, mun ga sakamakon a zauren WhatsApp kafin mu gani a jarida. Wasu gidajen suka koma raba ƙwaya biyu, wasu suka koma sha yau a huta gobe, kuma hawan jini ba ya jin uzuri. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A tarukan matasa masu fasaha, in an ce za a magance matsalar magani, manhaja ake nufi: wadda za ta nemo maka kemis mafi araha, ko ta aiko ɗan acaɓa da kwali har ƙofar gida. Irin aikinmu ne, yana da amfani, kuma muna alfahari da shi. Amma iyakarsa ɗaukar kwali daga nan zuwa can. Ko a inda sana'armu ta shiga ɗakin gwajin da kansa, a bayan masu kwalba take tafiya. A 2018 masana a kamfanin Pfizer suka haɗa wata na'ura da ta gudanar da haɗin Suzuki sau 5,760, kowanne da ɗan bambanci, don a ga wane gishiri da wane ruwa da wace rigar faladiyum suka fi dacewa. Irin waɗannan alƙaluma ake ciyar da kwamfuta da su har ta fara hasashen abin da zai yi aiki. Akwai kayan aiki kyauta, irin su RDKit, da duk ɗalibin da ke da kwamfutar cinya a Zariya ko Damagaram zai iya saukewa yau ya fara juya zobba. Sai dai kwamfuta ba ta san abin da ba a taɓa gwadawa ba. Kowane layi a cikin waɗannan alƙaluma wani ne ya auna gari, ya zuba ruwa, ya jira.

Shi ya sa muke sauraro da kyau idan ƙannenmu da ke karanta ilimin sinadarai a jami'a suka zo da ƙorafinsu. Kusan kullum magana ɗaya ce: "Yaya, ka koya mini aikinku kawai. Wannan karatun in an gama sai koyarwa." Ba ma musa musu wahalar da suke gani. Ɗakin gwaji ba ya tafiya babu wuta, babu ruwa mai tsabta, babu na'urar da za ta faɗa maka abin da ka haɗa, kuma giram ɗaya na gishirin faladiyum ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Muna koya musu rubuta manhaja da zuciya ɗaya, domin masanin sinadarai na wannan zamani yana buƙatarta. Abin da muke roƙonsu shi ne su ɗora ta a kan karatunsu, kada su musanya. Masu iya buga karan ɗori a madannai mun yi yawa. Masu iya sanya shi a cikin kwalba su ne ba mu da su.

Muna kuma gaya musu lissafin shekarun yadda yake, don kada a yaudare su. Daga takardar Suzuki ta 1981 zuwa fitowar losartan shekara 14 ne. Daga nan zuwa ranar da ya yi arahar da zai shiga gidajen talakawa, wasu 15. Indiya da muke sayen magani a wurinta ba dare ɗaya ta kai nan ba, tun shekarun 1970 ta fara tara masu sanin yadda ake gina sinadari mataki-mataki. Aikinmu ya saba mana da sakamakon mako biyu, a fitar da sabon salo a ga mutum nawa suka sauke. Wannan ɗaya aikin da ma'aunin dashen dabino ake auna shi, kuma duk al'ummar da ta yanke wa irin su Heck kuɗi a shekara ta goma sha takwas ba za ta ga abin da zai fito a ta talatin ba.

Mutum sama da biliyan ɗaya ke fama da hawan jini a duniya, kuma nan da shekara ashirin da yawa daga cikinmu za mu shiga lissafin. A lokacin 'ya'yanmu ne za su riƙa karanta kwali suna neman inda aka yi shi. Muna fatan su ga sunan garin da suka sani, kuma a ce wanda ya ƙulla karan ɗorin da ke ciki yana cikin ƙannen nan da ke zuwa mana da ƙorafi yau.